Ƙarfen Shagari da Ruwan Butata

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ana idar da sallah a masallacin unguwarmu cikin Sakkwato. Mu uku ne a gaban mota: direba, ƙanena a tsakiya, ni a bakin ƙofa rungume da jakata. Masu bibiyata a nan sun san ni da fataucin albasa, sun kuma san motar kaya mai taya shida da maigidana ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da zai sa mace mai jikoki ta haye gaban motar kaya a tsakiyar zafin bazara ta nufi Shagari. To yau zan faɗa, ba rufa-rufa. Direbana nake zargi. Na riga na ƙudurta a raina cewa in na kama shi da cuta a wannan tafiya, a nan take zan karɓe makullina. Har wani direban na yi wa magana a ɓoye tun makon da ya gabata, na ce ya zauna da shirinsa.

Shekararsa goma sha ɗaya yana jan motar nan, bakwai da marigayi, huɗu da ni. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya magana sai ta kama dole. Ban taɓa kama shi da ko albasa guda ba. To amma cikin shekara ɗaya sau biyu ana canza wa motar wani ƙarfe da suke kira manifol, sau biyun kuma yana tsagewa. Ga waɗanda ba su san shi ba, irina a da: ƙarfe ne mai baki huɗu da ke manne a gefen injin, yana tattara hayaƙi mai zafin tsiya ya haɗe shi wuri guda ya tura wa tobo. Ita kuwa tobo wata 'yar fanka ce cikin gida mai kamar katantanwa, hayaƙin ke juya ta, ita kuma ta ɗura wa injin iska ya sami ƙarfin jan kaya. In manifol ya tsage, hayaƙi ya tsere ta tsagar, mota ta koma kamar jakin da ya kwana da yunwa.

Da na biyun ya tsage sai direba ya zo ya durƙusa a zaure, ya ce na kanti ba zai ƙara yi ba, akwai wani tsoho a Shagari da ke ƙera shi da hannu. Na ce nawa? Ya faɗa. Jama'a, ninki huɗu na kuɗin na kanti! Na ce a raina, biri ya yi kama da mutum. Ni ce dai na riƙa cewa a sayo mai sauƙin kuɗi, wannan ban musa ba, amma wa ya san abin da ake ɗaurawa a ce mini sabo ne? An ga na saba biya ba gardama, yanzu an nemo babbar hanya. Ban nuna masa komai a fuska ba. Na ce to, amma ƙafarsa ƙafata, ina so in ga tsohon nan da idona.

Tun kafin mu fita gari na san tafiyar ba ta hutu ba ce. Injin na fat-fat-fat, hayaƙi na shigowa ta ƙarƙashin kujera, idona na ruwa. Ƙanena malamin makaranta ne, furfura ta fara fito masa amma tsokana ba ta sake shi ba, ya ce kafin mu kai Shagari sai dai a sauke mu a jera a tire a sayar a matsayin kifi banda. Direba bai yi dariya ba. Na lura da hakan, na ajiye. A ranar komai ya yi hujja ce a wurina. In ya yi shiru, rashin gaskiya ne. In ya yi tari, alama ce.

Hanyar dai ba laifi, kwalta ta yi kyau a wasu wurare, a wasu kuma sai direba ya riƙa kaucewa ramuka kamar mai tsallake kwatami. Babura na wuce mu ɗauke da buhun albasa uku-uku, raƙuma na tafiyarsu ta isa a gefen titi. Da muka zo wani ɗan hawa da ko keke ba zai ji shi ba, motar ta yi nishi har wani mai amalanken shanu ya kusa cim mana. Jami'an tsaro a shinge suka leƙo, suka ga tsohuwa na hawaye cikin hayaƙi, suka ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Muka tsaya karin kumallo a Bodinga rana ba ta yi zafi ba. Wata mai masa da ta ce daga Dingyadi take zuwa kullum ta zuba mana da miyar taushe da yajin ƙuli. Daɗi kam akwai, sai dai kuɗin da a da ke ba ka masa uku yanzu guda yake bayarwa, ita ma gudan ta ƙanƙance kamar ana jin tausayin tanda. Ina cikin ci na hango shagon kayan gyaran mota a tsallaken titi. Na ce wa direba mu leƙa. Ya ce shi zai tsaya ya duba ruwan lagireto. Na ce a raina, ai dole, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mai shagon mutum ne mai zaƙin baki, tun daga nesa ya fara “Hajjaju makkatu, sannu da zuwa.” Ya sa aka ba ni kujera da ruwan sanyi. Da na faɗi abin da nake nema sai ya jawo kwali ya zaro manifol cikin leda, yana walƙiya kamar kwanon jeren amarya, har fuskata na gani a jikinsa. Da ya ji inda za mu sai ya yi 'yar dariya, ya dubi wajen motar, ya rage murya.

“Hajiya, ke uwa ta, ba ni ɓoye miki. Duk inda direba yaj ja ki da nisa, akwai rabonai can.”

Maganar ta zauna mini daram, don ita na zo nema. Sannan ya ɗauko wani ɗan mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar lasifika, ya ɗora a jikin manifol ɗinsa, ya zame ya faɗi. Ya ce ƙarfen ƙwarai na silba maye ba ya kama shi, in na ga ya kama na tsohon, to tarkacen bola aka haɗa mini. Ya ba ni mayen kyauta. Na ƙulle shi a gefen gyale na yi godiya, ban tsaya tambayar kaina ba me ya sa mai kanti zai yi mini kyauta. Ban sayi nasa ba, don so nake in kama ɓarawo da hannu dumu-dumu.

Daga nan muka wuce Sifawa, ƙanena ya ɗaga hannu ya yi wa Shehu Mujaddadi addu'a, muka shafa. Gefen hanya duk rumfunan kara ne da aka jibge albasa a ciki tana shan iska, warinta na shigowa ta taga yana kokawa da hayaƙinmu. Ni dai hankalina na kan ƙullin da ke gefen gyalena.

Mun shiga Shagari da hantsi. Na zaci zan ga babban gareji mai allo da fenti. Sai direba ya karya kwana ya bi wani lungu, ya tsaya a gindin dogon yaro, a gefen wani gidan ƙasa. Rumfar kwano ce guda, da janareta, da teburin ƙarfe, da wani tsohon kan injin da aka kafe a kan kututture. Mai wurin tsoho ne siriri, hannuwansa duk tabon wuta. An ce ya daɗe yana waldar manyan bututu a kudu kafin ya dawo gida. Da ya ga direbana sai fuskarsa ta washe, ya riƙe hannunsa suna ta gaisawa ba saki. Na zunguri ƙanena na ce, ka gani ko? Ya ce shi gaisuwa kawai ya gani.

Baba mai walda bai yi mini daɗin baki ba, ko kaɗan. Ya sa aka tayar da mota ya saurara, aka bari ta huce, aka kwance tsagaggen manifol ɗin. Ya sa zarto ya raba shi biyu ya miƙo mini. Wallahi kaurin jikinsa bai fi na gwangwanin madara ba, cikinsa kuma duk ƙurajen walda ne cako-cako. Ya ɗauko guntun bututun da shi yake aiki da shi, baƙi, mummuna, mai nauyi, ya ɗora mini a ɗaya hannun. Na ji bambanci, amma na ce a raina ai kowane ɗan kasuwa da samfurin da yake nunawa. Na ce, Baba, a duba mini, a yi ragi.

“Hajiya, in na rage kuɗi sai in rage ƙarhe. Wanne kika so?”

Na ce to, a yi aikin. Aka kai ni cikin gida wurin mai ɗakinsa, wata dattijuwa mai fara'a da ta share mini ɗaki ta kawo fura mai sanyi da hoce. Maza suka sauka a zaure. Aka ce aikin kwana uku ne. Kwana uku a kan ƙarfe guda! Ga albasata a Kajiji tana jiran mota. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar gida inda nake hango rumfar, na kafa ido.

Ranar farko ko tartsatsin walda ban gani ba. Tsohon nan ya manna kwali a gefen injin ya fitar da zanen bakunan, ya kwafe a kan wani faifan ƙarfe mai kaurin ɗan yatsana, ya yanka, ya huda, ya goge. Ya ɗaure faifan da noti a jikin tsohon kan injin nan na kan kututture, wai don kada zafi ya lanƙwasa shi. Sai ya shiga yanka gwiwoyin bututu, ya gwada, ya cire, ya ɗan rage, ya sake gwadawa. Baki huɗun nan dole su zagayo su haɗu a wuri guda, a daidai inda tobo take zaune, ba tare da ɗaya ya taɓa wayar mota ko tiyo ba. Sau uku ana ɗaukar abin a kai jikin mota a dawo da shi. Ni kuwa ina zaune ina cewa, jan lokaci ne kawai don in ce an sha wahala.

Ranar Alhamis da safe muka shiga motar haya ni da ƙanena muka leƙa Kajiji. Albasa ta yi kyau bana, jawur, manoman sun ɗure ta a buhu, kowa na tambayar ina mota. Ko ruwa ban tsaya sha ba, don tunanin abin da ake ƙullawa a bayana ya hana ni sakat. Da muka dawo na tarar an fara walda. Ita ma wata irin walda ce ta gajiyar da mai kallo. Ya ɗan ɗiga a nan, ya koma can ɗaya gefen ya ɗiga, sai ya ajiye ya zauna yana jan carbi har wurin ya huce. Janareta kuwa na ta shan mai. Sandunan waldarsa a cikin gwangwani mai murfi suke, yana ɗauko su ɗaya-ɗaya kamar turare. In ya gama layi sai ya kankare, ya leƙa ciki da tocila, ya sa gurza ya goge cikin bututun inda ba mai gani. Har wata 'yar ƙafa ya yi wa abin, wadda za ta ɗauke masa nauyin tobo. Ba ya barin kowa ya matso kusa da teburin, balle ni. Mayen ƙarfena na nan a ƙulle, ban sami damar gwadawa ba.

Ranar Juma'a kafin rana ta take tsaka ya gama. Sai ya yi abin da ya tayar mini da hankali gaba ɗaya. Ya hura gawayi ya ɗora ƙarfen ya gasa shi har ya yi ja baki ɗaya, sannan shi da direba suka kama da awartaki suka binne shi cikin rabin duro mai cike da busasshen yashi da toka. Ya ce kada kowa ya taɓa sai gobe da safe. Na ce, ikon Allah! Abin da na biya ninki huɗu, maimakon a wanke shi a miƙo mini, sai a binne? Ai ko yaro ya san abin da aka rufe ana iya canza shi. Kuma me ya sa baƙi ne ƙirin, na Bodinga na walƙiya?

Aka yi kiran sallah, maza duk suka tafi masallacin Juma'a. Matar gidan na ciki tana kwasar tuwo. Lungun ya yi tsit. Na ɗauki butata kamar mai shirin alwala, na zagaya rumfar. Na sa guntun itace na tone yashin ta gefe guda har kusurwar faifan ta bayyana. Zafin da ya bugo ni ya sa na ja da baya, hannu ba zai kusanci wurin ba. To ni da na shekara talatin ina girki, in tukunya ta yi zafi me ake yi? Na karkata buta na tsiyaya. Ya yi cuuu, tururi ya tashi, na ji wani ɗan sauti, ƙas. Ban kula ba. Na ƙara har butar ta ƙare, na kwance mayen na miƙa. Ɗaf! Ya kama kamar kaska.

Wallahi daɗi na ji. Ina faɗa muku gaskiya, daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe yana neman a ce masa ya yi daidai. Na ɓamɓare mayen da ƙyar, na mayar da yashi na lallaɓe, na koma tabarmata ina tsara kalmomin da zan faɗa in an ci abinci.

Ban kai ga faɗa ba. Suna dawowa, Baba ya zo wucewa ta gaban duron sai ya tsaya cak. Ya sunkuya ya dubi yashin, ya ɗebo kaɗan ya murza. Ya sa awartaki ya zaro ƙarfen, ya ɗora ƙarfen awo a kan faifan ya ɗaga wajen rana. Daga inda nake na hango haske na ratsowa ta ƙarƙashi a kusurwa guda, siriri kamar kaifin reza. Ya juyo ya dube mu.

“Wa yab ba ƙarhena ruwa?”

Na ga idon direba ya sauka a kan butata da ke kwance ba ruwa, ya hau bakin zanena da ya kwashi toka, sannan ya mayar da shi ƙasa.

“Ni na, Baba. Nan kusa niy yi alwala, ruwa ya hwantsama. A gahwarce ni.”

Tsohon nan ya wanke shi tas a gabanmu. Ya ce kai da ka zo nan sau biyu bisa babur da kuɗin aljihunka kana roƙona in ajiye aikin mutane in karɓi na marainiyar mota? Ya ce duk tashar nan an san ba ni ba direba kaso, ko kwabo, shi ya sa direbobi ke kai iyayen gidansu kanti su bar ni da masu motar kansu, na ɗauka kai daban ne, ashe sakarai ne kai. Mutum mai furfura, yana durƙushe, ana ce masa sakarai, yana cewa a yi haƙuri. Ƙanena ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba tsokana a cikinsa.

Na miƙe na ce, Baba, ba shi ba ne, ni ce. Kuma don tsabar ƙarfin hali irin nawa, maimakon in tsaya nan, sai na kwance mayen na ce ai ga dalili, an ce mini ƙarfen ƙwarai maye ba ya kama shi, wannan kuwa ya kama.

Ya karɓa ya jujjuya shi. Ya taka zuwa motar, ya manna shi a jikin injin, ya kama. Ya manna a sifirin da ke ɗauke da kaya, ya kama. Ya dawo ya ɗora a kan kwanon silbar da aka kawo mini tuwo, ya zame ya faɗi ƙasa.

“To ga ƙarhen ƙwarai nan, Hajiya. In kin cinye tuwon sai mu ɗaura ma injin.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Daga baya da ya huce ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce akwai silba mai kauri ta gaske, ana yin manifol da ita, amma kuɗinta ya ninka wanda nake kuka da shi. Na kanti silba ce marar kauri, walƙiyarta ake sayarwa. Nasa bututun tururi ne da aka yi don wuta. Wurin nan kullum sai ya yi ja ya huce, ya yi ja ya huce, ga nauyin tobo, ga jijjigar hanya, marar kauri ba ya jurewa. Binnewar kuwa don ƙarfen ya huce a hankali ne gaba ɗayansa, walda ta saki jiki. Ni na sanyaya kusurwa guda da ƙarfin tsiya, ta ja ta ɗaga. In aka ɗaura shi haka, hayaƙi zai riƙa tsiyaya ta nan ya cinye gaskit ɗin da ke toshe tsakaninsa da injin, mu koma gidan jiya. Ya duba waldar kaf da tocila, Allah ya taimake ni ba ta tsage ba.

Aka sake gasawa aka sake binnewa, kwana ya ƙaru. Ranar Asabar aka shimfiɗa takardar gurza a kan wani gilashi mai kauri, aka shafa wa faifan baƙin tukunya, aka shiga gogawa da hannu, gaba da baya, gaba da baya. Inda baƙin ya goge ya zauna, inda ya rage da saura. Baba ya yi ya gaji ya ba direba, direba ya yi ya ba ƙanena. Na ce a ba ni ni ma, tunda ni na jawo. Ban kai ƙirga ashirin ba kafaɗuna suka ce ba su san zance ba. Su kuwa tun hantsi har bayan la'asar suna abu guda. Tsohon bai ƙara mini ko sisi a kan abin da ya faɗa tun farko ba, ni kuma ban sake buɗe baki da maganar ragi ba. Matarsa ta ƙi karɓar komai na masauki, sai da na ɓoye mata turmin atamfa a ƙarƙashin filo.

Lahadi da sassafe aka ɗaura. Notocin suka shiga ɗaya bayan ɗaya ba dukan guduma, ba dabara. Da aka tayar da mota sai na zaci ba ta tashi ba, don fat-fat ɗin nan da na saba ji ya ɓace, sai wani siririn fito da tobo ke yi in an taka. Muka je Kajiji aka yi lodi har sama, muka juyo. Hawan nan da mai amalanke ya kusa cim mana, da cikakken kaya ta haye shi ba nishi. A Bodinga mai shagon na zaune a ƙofa, ya gane motar ya ɗago hannu da fara'a, na kawar da kai na dubi masu mangwaro. A daidai nan na tattara ƙarfin hali na ce wa direba, Malam, a yi haƙuri da abin da ya faru. Ya ce, “Ba komi, Hajiya,” idonsa na kan titi. Na ji sanyi, na ɗauka magana ta wuce.

Mun iso Sakkwato bayan la'asar. Aka sauke kaya a kasuwa, ya kawo mu ƙofar gida ya gyara wa motar tsayuwa a inda take kwana. Shekara goma sha ɗaya makullin nan a aljihunsa yake kwana. Ranar sai ya zagayo ya durƙusa ya miƙo mini shi da hannu biyu. Na ce na mene ne?

“Direban da kinka yi ma magana, tare munka yi yaran mota. Tun ran nan yaz zo yag gaya min, kunya ta hana shi ɓoyewa.”

Na ce, to ka sani tun kafin mu tashi, me ya sa ka kai ni? Me ya sa ka ɗauki laifin ruwan?

“Motar Alhaji ta. Ban so in miƙa ta ga wani tana hayaƙi. Ke kau iyalin Alhaji ta, ba a yi miki hwaɗa gabana.”

Na ƙi karɓa, na roƙe shi, ƙanena ya roƙe shi. Ya ajiye makullin a kan dakalin ƙofa, ya yi mana sai da safe kamar kullum, ya tafi a ƙafa. Sau biyu ina tura manya gidansa, har da yayan marigayi. Ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya ce shi bai riƙe ni da komai ba. Amma bai dawo ba. Na ji yanzu yana jan motar wani mai hatsi.

Masu tambayata ko aikin hannu ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce e. Kuɗin kaurin ƙarfe ne, da man janareta, da kwanakin da mutum zai yi yana gwadawa yana cirewa, da gogar cikin bututu inda ba wanda zai leƙa ya yaba. Araha ba ta ado, na saya sau biyu na gani. In an ce muku kada a taɓa sai gobe, ku bar shi sai goben. In kuma zuciyarku ta ɗarsa wani abu game da wanda ya daɗe tare da ku, ku kira shi ku tambaye shi baki da baki kafin ku je neman shaida wurin mai kanti. Ni ban yi haka ba, kuma abin na ci mini rai har yau.

Mota na nan lafiya lau, sabon direba sai yabon injin yake. Ranar da aka ajiye mini makullin, da na ɗauke shi daga kan dakali na jefa cikin jaka, sai na ji ɗaf. Na leƙa. Ashe mayen ƙarfen Bodinga na ciki, ya kama shi.